Jiki Magayi: Mace Da Jikinta A Cikin Ƙagaggun Labarai

Hausawa sun ce jiki magayi, sun kuma ce jiki ya fi kunne ji. Waɗannan karin magana biyu tsofaffi ne, amma ga shi manyan malaman jami'o'in Turai da Amurka sun zo suna faɗin abin da ya yi kusa da su, cikin littattafai masu kauri da kalmomi masu wuyar furtawa. Yau wajen shekara 40 ke nan da wata sabuwar hanyar karanta ƙagaggun labarai ta ɓullo a can, ta bazu cikin masu nazarin adabi na duniya. Hanyar tana duban mace da jikinta a cikin labari, tana tambaya: ikon da mace take da shi na yin abu, ko na ƙin yin sa, daga ina yake fitowa?

Mai karatu yana iya cewa wannan gardamar malamai ce, ba ta shafi wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ba, balle ma'aikacin da takardu suka taru a gabansa. To, ta shafe su. A cikin labarai yara da manya suke koyon wanda ake lissafawa cikin mutane da wanda ake mantawa, kuma ma'aikata ne suke zaɓen littattafan da za a kai lakwal da ɗakunan karatu. Wannan sabuwar hanya tana da amfani ƙwarai, ya kamata a san ta. Amma akwai rami a cikinta, wanda duk ya faɗa ciki zai ga mace tana mutuwa a shafin ƙarshe ya ce ta sami ƴanci.

Wane ne mutum?

A shekara ta 1789 majalisar Faransa ta fitar da sanarwar haƙƙoƙin mutum da na ɗan ƙasa. Kalmar da aka sa a Faransanci tana nufin mutum, tana kuma nufin namiji, da aka zo ga aiki kuwa ma'ana ta biyu ce ta rinjaya. Wata marubuciya, Olympe de Gouges, ta lura da haka, ta rubuta tata sanarwar ta haƙƙoƙin mace a 1791. An fille mata kai a 1793 saboda rubuce-rubucenta na siyasa, matan Faransa kuwa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1944. Bayin da ke noman rake a tsibiran Faransa su ma sai 1848 aka kwance musu mari kwancewa ta ƙarshe. Ko Hausa ba ta kuɓuta ba: akan ce ɗan Adam ana nufin kowa da kowa, alhali lafazin na namiji ne.

Tushen abin ya girmi wannan sanarwa. Masanin falsafa René Descartes, cikin littafinsa na 1637, ya raba mutum gida biyu: hankali mai tunani, da jiki wanda yake aiki kamar inji. Dabbobi a wurinsa injuna ne kawai. Da aka yi wannan rabo, sai mace ta faɗa ɓangaren jiki, domin ita ce mai haila da ciki da shayarwa, namiji kuma ya hau karagar hankali.

Amsar farko da masu kare haƙƙin mata suka bayar ita ce mace ma mai hankali ce, a ba ta wuri bisa karagar. Haka Mary Wollstonecraft ta nema a Ingila a 1792, haka Simone de Beauvoir ta ƙarfafa a Faransa a 1949. Masu wannan ra'ayi in sun buɗe labari, jarumar da suke nema ita ce mai magana, mai zaɓi, mai cewa a'a. Misalin da ƴan lakwal suka sani shi ne Ramatoulaye, cikin littafin Mariama Bâ ta Sinigal na 1979, wadda ta ƙi auren wan mijinta bayan rasuwar mijin, ta ɗauki alƙalami ta rubuta wa aminiyarta abin da ke ranta.

Ra'ayin da ya biyo baya shi ne wanda ake kira posthumanisme da Faransanci. A Hausa sai a ce ra'ayin sauke mutum daga karaga. Masu shi suka ce maimakon a yi ta roƙon wuri bisa karagar, a duba wanda ya sassaƙa ta, da wanda aka sassaƙa ta dominsa. Donna Haraway, Ba'amurkiya wadda ta yi karatun ilmin halittu, ta wallafa wata maƙala a 1985, inda ta nuna cewa iyakar da aka ja tsakanin mutum da dabba, da wadda aka ja tsakanin mai rai da inji, duk sun riga sun tsage. Ta ɗauki misalin saibog, watau halitta wadda wani sashenta jiki ne wani sashen inji. Rosi Braidotti, wadda ta koyar a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ta ɗora a littafinta na 2013 da zanen nan na Leonardo da Vinci, na namiji mai miƙaƙƙun hannuwa cikin da'ira, wanda Turai ta mayar ma'aunin cikakken mutum. Stacy Alaimo kuma, a 2010, ta jawo hankali ga yadda ruwa da iska da abinci da guba suke ratsa jiki, har ba a iya cewa ga inda jiki ya ƙare ga inda duniya ta fara.

Ma'anar duk wannan a taƙaice ita ce ikon aikatawa ba cikin ƙwaƙwalwa kaɗai yake zaune ba. Yana rarrabe tsakanin jiki da kayan aiki da dabba da magani da ƙasa. A ɗauki mata biyu masu ƙwazo iri ɗaya, duka suna son shiga ajin karatu. Garin ta farko akwai injin niƙa da rijiya a bakin gida. Ta biyu kuwa tana kan turmi tun asuba, ruwa kuma sai ta yi tafiya mai nisa. Ta farko za ta koyi baƙi, ta biyu ba za ta koya ba, kuma ba zuciyarsu ce ta bambanta ba. Wanda ya rubuta labarinsu ya bar injin da rijiyar a waje bai faɗi gaskiya duka ba.

Abin da sabon karatun ya nuna

In aka ɗauki wannan ma'ana aka koma ga littattafai, abubuwa da yawa da ido ya saba tsallakewa sai su fito fili.

Mary Shelley, ɗiyar Wollstonecraft ɗin nan, ta fitar da Frankenstein a 1818 tana da shekara 20. Uwarta ta rasu da zazzaɓin haihuwa kwanaki kaɗan bayan ta haife ta. Labarin na wani ɗalibi ne da ya haɗa sassan gawa ya yi halitta mai rai ba tare da uwa ba. Kowa ya san dodon, amma kaɗan ne suke tuna macen. Dodon ya roƙi a yi masa abokiyar zama, ɗalibin ya fara haɗa ta a wani tsibiri, sa'an nan ya tsaya ya yi tunani: tana iya ƙin alkawarin da aka ɗauka kafin a yi ta, tana kuma iya haihuwa. Sai ya yayyaga ta, ya zuba sassanta cikin teku. Mai neman jaruma mai magana ba zai sami kome a nan ba, domin wannan mace ba ta ko buɗe ido ba. Sabon karatun shi ya nuna cewa jikin da bai yi numfashi ba ya juya labarin duka, don tsoron a'a ɗinta da tsoron mahaifarta.

Margaret Atwood ta Kanada ta rubuta a 1985 littafin da aka fassara da Faransanci La Servante écarlate, watau baiwa mai jajayen tufafi. A cikinsa wasu masu tsattsauran ra'ayi sun ƙwace mulki a Amurka, a zamanin da guba da gurɓatar ƙasa suka rage haihuwa. Matan da mahaifarsu ke aiki aka rarraba su gidajen manya su haifa musu ƴaƴa, aka raba su da sunayensu, aka hana su karatu. Abin lura shi ne yadda aka fara kama su. Kuɗin kowa ya riga ya koma cikin na'urar banki, rana ɗaya aka rufe ajiyar kowace mace, aka mayar da ita hannun miji ko wani namiji na dangi. Mai ba da labarin ta je kanti katinta ya ƙi aiki. Hankalinta yana nan yadda yake jiya, amma ikonta ya tafi, domin dama wani sashensa cikin katin yake.

Ba sai an tafi nesa ba. Abdoulaye Mamani ya wallafa Sarraounia a 1980, bisa tarihin Sarauniyar Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. A cikin littafin uwarta ta rasu wurin haihuwarta, Dawa ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani, damisa kuma ita ce alamarta. An saba karanta ta a matsayin jaruma mai taurin zuciya, kuma haka ne. Amma ƙarfinta ba zuciya kaɗai ba ne. Akwai saiwa da ganye, akwai dajin da ta janye mutanenta ciki aka bar wa maharan kufai, akwai tsoron da sunanta ya shuka cikin sojojin Voulet. A tarihi, sojojin nan su suka kashe shugabanninsu biyu a watan Yuli na wannan shekara, wajen Maijirgi cikin ƙasar Tasawa. Wanda ya cire goɗiya da daji daga labarin Mamani ya rage Sarauniya da rabi.

A Kano kuma Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Rabi, uwar ƴaƴa 9, mijinta ɗan kasuwa ya kore ta bayan ya yi amarya. Abin da ya tsayar da ita bisa ƙafafunta shi ne dafa abinci tana sayarwa. Tukunya da murhu su suka ciyar da yara, su suka riƙe karatunsu. Rabi ba ta yi doguwar huɗuba kan haƙƙin mata ba, hannunta ne ya yi magana. Irin wannan mace ce tsohon karatu yakan wuce, sabon kuwa ya tsaya a kanta. Wannan riba ce babba, domin matan da ikonsu yake cikin hannu da tukunya sun fi masu alƙalami yawa nesa ba kusa ba.

Inda ramin yake

Sai dai labarin Rabi bai ƙare a bakin murhu ba. Da gobara ta cinye dukiyar mijin a kasuwa, maza na dangi suka matsa mata ta koma gidansa. Tukunya ta ba ta abinci da mutunci, amma ba ta ba ta maganar ƙarshe ba. Mai karatun da ya shagala da yabon tukunya zai manta ya tambayi wanda ya yanke shawara. Ramin ke nan, kuma ya fi zurfi a littattafan da mace take rikiɗa ta zama wani abu dabam.

Han Kang ta Koriya ta Kudu, wadda ta sami kyautar Nobel ta adabi a 2024, ta wallafa a 2007 littafin da ake kira La Végétarienne da Faransanci, watau wadda ba ta cin nama. Yeong-hye matar aure ce a birnin Seul. Ta yi wani mummunan mafarki, ta daina cin nama. A wurin cin abinci na iyali ubanta, tsohon soja, ya mare ta, ya tura mata nama a baki da ƙarfi, ita kuma ta ɗauki wuƙa ta yanke hannunta. Miji ya rabu da ita. Mijin yayarta, mai zane da ɗaukar hoto, ya zana furanni a jikinta, ya biya buƙatarsa da ita tana cikin rashin lafiya. A ƙarshe tana gidan masu taɓin hankali, ta bar abinci ɗungum, tana tsayawa bisa kanta tana cewa itace take zama, ruwa da rana sun ishe ta. Likitoci suka zura mata tiyo ta hanci don su ciyar da ita dole.

Masu nazari da yawa sun karanta wannan rikiɗa a matsayin tawaye: mace ta ƙi duniyar cin nama da duka, ta zaɓi zama tsiro wanda ba ya cutar kowa. Akwai gaskiya a ciki. Amma littafin kashi 3 ne, na farko ta bakin miji, na biyu ta idon mijin yaya, na uku ta idon yayar, muryar Yeong-hye kuwa sai guntayen mafarki da ƴan kalmomi. Kuma a shafin ƙarshe tana kwance cikin motar ɗaukar marasa lafiya, ƙashi da fata, yayarta na zaune kusa da ita. Marubuciyar ba ta ɓoye wannan ba. Wanda ya rufe littafin ya ce mace ta sami ƴanci, a tambaye shi ko zai so wa ƙanwarsa irin wannan ƴanci. Mutum in an toshe masa kowace ƙofa sai ta yunwa, ya bi ta, ya nuna ƙarfin hali, amma tonon asirin masu toshewar ya fi cancanta da a tsaya a kansa.

Octavia Butler, baƙar fata ta Amurka, ta fi kowa gane wannan tarko. Cikin littafinta Dawn, watau asuba, na 1987, yaƙin nukiliya ya halaka duniya, wasu halittu daga sararin sama suka kwashe sauran mutane. Lilith ta farka bayan shekara 250 cikin jirginsu, wanda shi kansa mai rai ne. Sun yi mata maganin ciwon daji, sun ƙara mata ƙarfi, ba sa duka, ba sa zagi. Abin da suke so shi ne su gauraya irinsu da na mutane. A ƙarshe ɗayansu ya sa mata ciki ba tare da ya tambaye ta ba, yana cewa ya san jikinta yana so. Ga duk abin da sabon ra'ayin yake sha'awa: iyakar mutum ta rushe, jiki ya gauraya da wata halitta. Butler kuwa ta rubuta shi yadda mai karatu zai tuna da jiragen bayi. Jiki magayi ne, amma in wani ne yake fassara abin da jikin ya faɗa, mai jikin kuma bakinta na cewa a'a, karin maganar ya zama makami a hannun mai ƙarfi.

Akwai dalilin tarihi da ya sa marubuta baƙar fata suke taka tsantsan a nan. Sarah Baartman, mace daga Afirka ta Kudu, an kai ta Landan a 1810 ana nuna jikinta ga ƴan kallo don kuɗi. Ta rasu a Paris a 1815, masani Georges Cuvier ya feɗe gawarta, aka ajiye ƙasusuwanta a gidan tarihi ana kallo har cikin shekarun 1970, ba a mayar da su gida ba sai 2002. Toni Morrison, cikin Beloved na 1987, ta ba da labarin Sethe, baiwa wadda mai kula da gonar ya sa ɗalibansa su rubuta siffofinta na mutum a gefe ɗaya, na dabba a ɗaya gefen. Samari suka danne ta suka tsotse nonon jaririyarta. Bulala ta bar mata tabo a baya wanda wata ta kwatanta da itace mai rassa. Ga mace da aka haɗa da dabba, ga itace a jikinta, babu kuwa mai hankalin da zai kira wannan ƴanci. Saboda haka masana irin su Sylvia Wynter ta Jamaika, da Zakiyyah Iman Jackson cikin littafinta na 2020, suka ja kunne: iyakar mutum da dabba ba a kan kowa aka ja ta daidai ba, kuma wanda aka daɗe ana hana shi sunan mutum, ba a ce masa ya yar da sunan ran da hannunsa ya kai gare shi.

Amsar masu ra'ayin

Masu wannan ra'ayi suna da amsa, kuma adalci ne a ji ta. Suna cewa abin da aka yi wa Baartman shi ne ainihin abin da suke yaƙa, domin karagar nan ce ta ba Cuvier izinin ɗaukar wuƙa, kuma muddin ana raina dabba da ƙasa za a sami mutanen da za a tura cikinsu a raina su tare. Wannan magana ce mai nauyi. Haraway kanta cikin maƙalarta ta yi zancen matan Asiya masu haɗa kayan lantarki a masana'antu da ɗan albashi, watau ba ta manta da wanda yake ci da wanda ake ci ba.

Matsalar ta fi yawa wurin masu koyi. Ra'ayi in ya yi suna sai ya zama tambari: ɗalibi ya buɗe littafi yana farautar inda mace ta zama tsuntsu ko itace ko inji, da ya samu sai ya buga tambarin ƴanci ya wuce. Rikiɗa ita kaɗai ba ta nuna kome. Tana iya zama hanyar tsira, tana iya zama alamar an kai mutum bango.

Littafin da ya haɗa gaskiyar ɓangarorin biyu shi ne na Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta Ibo ne daga Nijeriya. Ya fito a 2010, sunansa ma'anar sunan jarumar ne, Onyesonwu, watau wa ke tsoron mutuwa. Labarin yana faruwa a Sudan ta wani zamani mai zuwa, marubuciyar kuma ta ce wani rahoton jarida na 2004 kan fyaɗen da aka yi wa matan Darfur shi ya tayar mata da shi. Onyesonwu ta fyaɗe aka sami cikinta, launin fatarta yana tona asalinta duk inda ta shiga. Tana da shekara 11 ta kai kanta wurin kaciyar mata da ƙafarta, don kada ta ƙara wa iyayenta abin kunya. Ga zaɓi, ga yarda, amma kowa ya ga irin yardar, abin da ke nuna cewa tsohon karatu mai neman zaɓi kawai shi ma bai isa ba. Daga baya ta koyi rikiɗa ta zama ungulu, ta matsa wa malamin da ya ƙi koya mata don ita mace ce har ya karɓe ta, ta mayar wa jikinta abin da aska ta yanke, ta kuma yi wa ƙawayenta haka bisa yardarsu. Bambancinta da Lilith a fili yake. Duka biyu jikinsu ya ƙetare iyakar mutum, amma ɗaya yi mata aka yi, ɗaya ita ta nemi ilmin ta yi da hannunta. Kaciyar matan kuwa ba ƙage ba ce, har dokar Nijar ta haramta ta a 2003.

Ma'auni ga mai karatu

Abin da ya kamata shi ne a karɓi idon da sabuwar hanyar ta bayar, a riƙe tsohuwar tambaya kada ta faɗi. In mai karatu ya gamu da mace cikin labari, ya duba tukunyarta da katinta da goɗiyarta da maganin da take sha, domin nan ikonta yake. Sa'an nan ya yi tambaya uku. Abin da ya sami jikin nan, wa ya yanke shawararsa? Wa yake ba da labarin, ita ko wani? Da aka gama, wa ya ci riba, wa ya biya? Da waɗannan tambayoyi za a raba Sarauniya da Sethe, a raba Onyesonwu da Lilith, ko da yake dukansu an haɗa su da dabba ko da wata halitta.

Malaman lakwal da masu tsara manhaja su ne na farko da wannan ya rataya a wuyansu. Kada a koya wa yara sunayen ra'ayoyi su haddace kamar lissafi, a koya musu tsayawa a shafin ƙarshe su duba halin da macen take ciki. Masu fassara kuma su ba irin waɗannan littattafai hankali, domin gardamar da ake yi kan jikin mace ba ta kamata ta tsaya ga masu jin Faransanci da Ingilishi kaɗai ba. Masu kula da ɗakunan karatu na garuruwa su sa labaran da mata suka rubuta kusa da littattafan noma da na kiwon lafiya. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, a ajin ilmin manya na Kano ta ci gaba da karatu, yau kuwa ana nazarin littattafanta a jami'o'i, an kuma fassara labarin Rabi da Ingilishi a 2012. Cikin matan da suke zaune a azuzuwan yaƙi da jahilci akwai masu irin wannan baiwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In sun kama alƙalami, abin da jikin mace yake faɗa za a ji shi daga bakin masu jikin.